Bangon Kudu na Gidan Darmaji

A unguwarmu, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Kutoarjo, in mutum ya gama gini ba malamai yake fara kira su yi addu'a ba. Pak Darmaji yake fara kira, Pak kuwa lakabin girma ne na magidanci a wurinmu. Malamai sukan biyo baya, in takarda ta fito.

Darmaji ɗan masaƙin gora ne. Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana saƙa bangon ɗaki da tsagaggen gora, irin bangon da kana kwance a ciki kana kallon kajin maƙwabta suna kiwo. Shi ɗan ya yi makarantar koyon sana'a, ya iya zanen gini, ya tashi siriri, da tabarau, yana magana kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci. Da hukuma ta ce duk wanda ya yi sabon gida, ko ya ƙara ɗaki a jikin tsoho, sai ya kawo shaida a rubuce cewa haske da iska suna shiga, kuma rufinsa ba ya mai da ɗaki tanda har a wuni ana ƙona lantarki a kan fanka, sai aka rasa mai cika takardun. Shafi goma sha huɗu ne, ban da hotuna. Darmaji ya zauna ya karanta su, ya ga ba dodo ba ne. Abin ya zama sana'arsa shekara ashirin da tara.

Aikin ba shi da wuya, in ji shi. A auna faɗin ƙasan ɗaki a raba goma, kashi ɗaya na taga ne, kuma tagar ta zama mai buɗuwa. A ƙirga ramukan da ake bari a saman ƙofa. A leƙa cikin silin a ga abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufi. A rubuta irin ƙwan fitilar da aka sa. A ɗauki hoto, a sa hannu a ƙasa. Yana yawo a kan tsohon babur da baƙar jaka, cikinta tef ɗin awo, da fensir biyu, da maganin sauro mai hayaƙi. Wannan na ƙarshen ba ya cikin abin da ofis ya nema. Yakan kunna shi a tsakar ɗaki ya tsuguna yana kallon inda hayaƙin ya nufa. In ya miƙe sama ya tsaya kamar sanda, sai Darmaji ya yi ajiyar zuciya, masu gida kuma su fara kallon juna.

A ofishin gine-gine an san hannunsa. Abin da ya auna, ko an zo an sake aunawa haka za a tarar, har aka gaji da gwadawa. Bai taɓa rubuta tagar da babu ita ba. Bai kuma taɓa ce wa mai gida a'a ba, don mu nan ba ma faɗa wa mutum wannan kalma a fuskarsa, balle a cikin gidansa, da shayinsa a hannunka. Abin da yakan ce shi ne, wataƙila tef ɗinsa ne ya yi kuskure, zai dawo ya sake aunawa.

Haji Marsudi mai kantin kayan babur ya ɗanɗana wannan. Ya gina wa 'ya'yansa ɗaki, ya manna katakon taga da gilashi da labule mai fure a jikin bango, bayan gilashin kuwa bulo ne tsaf. Darmaji ya yaba labulen, ya auna, ya ce zai dawo. Ya dawo Litinin, ya dawo Alhamis, ya sake dawowa Litinin. Kowane zuwa sai an kawo shayi da soyayyar ayaba, sai Haji ya bar kanti ya zo ya zauna, don ba a barin baƙo shi kaɗai. A zuwa na bakwai aka tarar an fasa bangon. Darmaji ya auna, ya ce lallai tef ɗin ne, yau ga shi ya yi daidai. Har yanzu suna gaisawa da fara'a.

Matarsa, Bu Sumirah (Bu muke ce wa mace don girmamawa), ita ma da iska take aiki. Kowa ya san abin da iska take yi wa jiki in ta samu hanya: ciki ya kumbura, wuya ya ƙage, kai ya yi nauyi, mutum ya wuni yana gyatsa. Kowa kuma ya san magani: a shafa mai a baya, a kankare da gefen tsohon kuɗin ƙarfe har jajayen layuka su fito. A duk unguwar babu mai hannun Sumirah a wannan. Mata suna zuwa wurinta tun daga bayan kasuwa. Ita kanta ba ta zama saitin ƙofa, ba ta hawa babur sai da rigar sanyi, a mota kuwa in wani ya zuge gilashi sai ta zuba masa ido har ya rufe don kansa. Gidansu tsoho ne, an gina shi kafin dokar, kuma ramukan saman ƙofofinsa duk an cusa musu tsofaffin jaridu. Darmaji ya shekara talatin yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Ban taɓa ganin ya ɗaga kai ba.

A rumfar shayi ta bakin layi ana cewa sana'ar gida ce, miji ya shigar da iska, mata ta fitar.

"Pak Dar," wani zai ce, "jiya ka buɗe taga uku a gidan malamin makaranta, yau matarsa tana kwance a gaban Bu Sumirah. Allah dai ya ƙara kasuwa."

Sai ya yi murmushi ya hura shayinsa.

Shekarar da ya ce zai ajiye aiki, uwar Sumirah, Mbah Painem, wato Kaka Painem, ta zame a bakin rijiya a ƙauyensu. Ba ta karye ba, amma 'ya'yanta suka ce ta gama zama ita kaɗai. Za ta dawo wurin Sumirah da zarar an gama girbin shinkafa. Aka ce a yi mata ɗaki a bayan gida, mita uku da huɗu. Gabas kicin ne, arewa jikin gidan, yamma katangata ce, wadda ba ta da tsawo sosai. Bango ɗaya ne ya rage mai kallon fili, na kudu, shi ne kuwa yake fuskantar fadamar shinkafa, bayanta teku, inda iskar la'asar take fitowa.

Darmaji ya zana ɗakin, ya sa taga a kudu, daidai abin da doka ta ce, ko faɗin yatsa bai ƙara ba. Ya ajiye zanen a kan tebur kusa da kwanon shinkafa. Sumirah ta ɗauka ta duba, ta ce zanen ya yi kyau, hannunsa bai tsufa ba. Ya ji daɗi. Da ya jira kaɗan.

Ga yadda maganar ta tsaya. Ɗakin ba zai samu takarda ba sai da tagar. Takardar kuwa shi zai cika, don abin kunya ne a ce Darmaji ya kai fayil ɗin gidansa wurin wani. To ko dai ya sa hannu a kan abin da babu, a shekararsa ta ƙarshe, ko ya dubi matarsa ya faɗa mata kalmar nan da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Maginin da aka ɗauko Kang Tukiran ne, wato Yaya Tukiran, gajere, mai yawan murmushi, wanda ya gina rabin kicin-kicin ɗin unguwar. Ya ɗora bango ya bar gurbin taga yadda zane ya nuna. Da Darmaji ya fita aiki, Sumirah ta kawo masa shayi da dafaffen rogo, ta tsaya tana kallon gurbin. Ta ce ita dai ba ta san gini ba, amma tsohuwa ce za ta kwana a nan, shekara tamanin da uku, ƙashinta kamar na tsuntsu. Ta tambaya ko bulo ne ya ƙare aka bar wannan rami.

Tukiran ya ce, "To, Bu."

Kafin azahar ya toshe.

Da yamma Darmaji ya zagaya baya ya tarar da bango sumul. Ya daɗe a tsaye, hannu a baya. Sannan ya yaba aikin, ya ce rabonsa da ganin layin bulo miƙaƙƙe haka an daɗe. Ya ce wataƙila zanen ne bai fito sosai ba, fensirinsa ya dushe. Ya zaro shi ya sake bin layin tagar a gaban magini, sannu a hankali, ya kuma miƙa masa karan taba.

Tukiran ya ce, "To, Pak."

Washegari da safe ya fasa.

A wajen cin abinci ba wanda ya ambaci bango. Sumirah dai ta tuna da gwaggon wata maƙwabciya da ta zauna kusa da taga a motar zuwa birnin Yogya, ta sauka bakinta a karkace. Darmaji ya jajanta, ya ce Allah ya kiyaye. Can ya ce shi ma ya taɓa shiga wani ɗaki marar taga, inda katifa ta yi funfuna, har naman kaza ya tsiro a ƙafar gado, mai ɗakin kuma tari ya ƙi barinsa. Ta ce ikon Allah, ko a ƙara masa tempe, wainar waken suyan nan? Ya ce ya gode.

Haka aka yi mako uku. Sau huɗu bangon yana rufewa, sau huɗu yana buɗewa. Tukiran yana samun rogo da safe, taba da yamma, abincin rana kuma ya fara zuwa da ƙwai, ran nan har da cinyar kaza. Ya yi kumatu. A rumfar shayi aka daina yi masa ina kwana, sai dai a ce, "Kang, yau buɗe ne ko rufe?" Manoman fadama suka ce su yanzu da bangon suke gane ranakun mako.

"Ku kuna dariya," in ji Tukiran. "Ni bulon nan na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani mai tsage a gefe, duk na ɗauko shi sai in ga kamar zai tambaye ni iyali."

Aka ce masa to ya gaya wa ɗayansu gaskiya mana, ya huta. Ya dubi mai maganar kamar wanda aka ce ya shiga masallaci da takalmi.

"In ce wa Bu Sumirah a'a? Gobe iska ta kama ni wa zai kankare ni, kai? Da wannan hannun naka mai kamar ƙafar agwagwa?"

"To ka ce wa Pak Dar."

"Shi kuma ya dawo ya sake auna kicin ɗina."

Aka gama girbi. Saƙo ya zo daga ƙauye cewa za a kawo Mbah ranar Lahadi. Darmaji kuwa ya shekara ashirin da tara yana gaya wa mutane, cikin ladabi, cewa ba a kwana a sabon ɗaki kafin takarda ta fito. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma nasa lokacin ya zo. In fayil bai shiga ofis ranar Alhamis ba, ba maganar hatimi a wannan makon.

Tukiran ne ya nemo mafita. Ya jira har ya samu mijin da matar su biyu a wuri ɗaya, abin da ya yi mako uku yana gudu, ya tsuguna yana wasa da cokalin gininsa, ya kawo labarin wani gari. A can, wai, an sa taga ranar Laraba aka ɗauki hoto, ranar Juma'a aka cire aka toshe. Takarda ta fito, tsohuwa ta kwana lafiya, ba wanda ya ji ciwo. Ya ce shi dai ji ya yi, bai gani ba.

Sumirah ta ce mutanen wancan gari suna da hankali. Ta dubi mijinta. Darmaji ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Ya ce a sa tagar ranar Laraba. Sauran maganar bai taɓa ta ba, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Ranar Laraba aka sa taga, koriya, da gilashi biyu. Bulon toshewa aka jera su a gindin ayaba suna jiran Juma'a. Darmaji ya auna ƙasa, ya auna taga, ya leƙa silin, ya kunna maganin sauronsa ya ga hayaƙin ya sunkuya ya nufi ƙofa. Ya ɗauki hoto. Sannan ya zauna a teburin falo ya cika shafi goma sha uku ba tare da ya ɗaga kai ba. A shafi na ƙarshe, sama da wurin sa hannu, akwai ɗan akwati da aka rubuta ƙarin bayani. Yawancin rayuwarsa fari yake barinsa. Ranar ya zauna a gabansa har shayinsa ya huce, ƙuda ya faɗa ciki. Daga baya ya rubuta wani abu, ya sa hannu, ya rufe fayil. Alhamis da sassafe ya kai.

Abin da ya rubuta shi ne: "Tagar tana nan yau Laraba, faɗinta ya cika. Magini zai cire ta ya toshe gurbin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci."

Mai karɓar fayil a ofishin Bu Kusmiyati ce, dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, wadda ta shekara ashirin tana ganin rubutun Darmaji. Ta karanta akwatin, ta cire tabarau, ta sake karantawa ba tabarau ko zai canza. Ba ta buga hatimi ba, ba ta kuma ja jan biro ba. Ba ta nuna wa kowa ba. Sai dai wajen la'asar ta ji wuyanta ya ƙage, ta ce lallai iska ce, ta hau babur sai gidan Bu Sumirah.

Tana kwance rub da ciki a kan tabarma, ana shafa mata mai, suka taɓa tsadar barkono da auren 'yar wane. An fara kankarewa sai ta ce, fuskarta a cikin matashi, "Bu, shekara ashirin ina teburin nan, fayil ɗin Pak Darmaji bai taɓa komawa gida ba. Ko guda."

Sumirah ta ce alhamdu lillahi.

"Akwai wani a jakata da na rasa yadda zan yi da shi. Idona ne ya tsufa, wataƙila ban karanta daidai ba. Ki duba mini shafin ƙarshe."

Sumirah ta goge hannunta, ta buɗe, ta karanta. Ta mayar da shi cikin jaka ta ci gaba da aikinta. An ce layukan da suka fito a bayan Bu Kusmiyati ranar sun fi ƙarfin iskar da ta shige ta. Da za ta tafi, tana gyara ɗankwali a hankali don bayan yana zafi, ta ce hatimi yana hannunta har Litinin, jan biron ma haka, kuma shafi na goma sha huɗu akwai irinsa da yawa a ofis, ga ma guda ta taho da shi bisa kuskure. Ta ajiye shi a kan tebur.

Kafin magariba Darmaji yana bayan gida yana kallon tagarsa, Sumirah ta fito. Na ce katangata ba ta da tsawo.

"Pak, ka kai ƙarata wurin gwamnati."

"Ban rubuta sunanki ba, Bu. Magini na rubuta."

"Tukiran ne zai toshe don ra'ayin kansa? Duk garin nan wa bai san mai ba shi rogo ba?"

Ya juya ya dubi tagar. Ta ci gaba.

"Da ka bar akwatin nan fari kamar kullum. Wa ya tambaye ka?"

"Takardar ce ta tambaya. An ce ƙarin bayani, ni kuma ina da shi."

"Mutum ya zauna da kai shekara talatin da ɗaya, ashe da tef yake zaune."

Daga nan muryarta ta sauka, sai da na daina shara kafin in ji. Maganar ubanta ta kawo. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ya kwanta da tari a damina, a ɗakin gora, iska tana shiga ta ko'ina. Ita ce ta bi bangon da tsumma tana cusawa a kowace kafa da ɗan yatsanta, tana toshe nan can yana hurowa. Bai kai ƙarshen damina ba. Ta ce likita ya faɗi sunan wata cuta, ita dai abin da ta gani da idonta iska ce. Ta ce uwar nan ita kaɗai ta rage mata.

Darmaji ya ce ya sani. Ya ce duk abin da take so a ɗakin za a yi: gado a kusurwar da ta zaɓa, bargo ko nawa, labule mai kauri. 

"Amma in an toshe, Bu, hannuna ba zai hau takardar ba."

"Wato a'a."

Wata kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu.

"A'a," in ji shi.

Kalmar ta fito 'yar ƙarama, kamar ya aro ta. Su biyun suka tsaya kamar waɗanda faranti ya suɓuce wa. Can Sumirah ta ce shinkafarta tana ƙonewa, ta shige. Da tana ƙonewa da na ji ƙauri.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Tukiran ya zo da cokalinsa. Har ya kwaɓa siminti. Ya zauna kusa da bulonsa a gindin ayaba yana jira a ce masa wani abu. Darmaji yana ƙofar gida yana gyaran babur ɗin da ba abin da ya same shi. Rumfar shayi ta cika fiye da yadda ta saba a irin wannan lokaci, kuma duk kujerun sun juyo gefe ɗaya.

Sumirah ta fito, ba shayi, ba rogo. Ta je ta buɗe tagar ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Ta bi gefunanta da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ta ce wannan ai ba taga ba ce, rariya ce, ko rufe ta aka yi iska tana wucewa ta yi sallama. Ta ce wa Tukiran ya kira kafinta a yi mata marufi na katako mai kauri daga ciki, da sakata biyu, sama da ƙasa. Bulon kuma ya kwashe ya gina wa kaji akurki, sun gaji da yawo.

"To, Bu," in ji Tukiran. Ya tsaya yana leƙen wajen ƙofar gida. "Pak, shi ke nan? Ba wani fensir da ya dushe?"

Darmaji bai ɗago daga babur ba.

Sumirah ta koma ciki. Tana wucewa ta falo ta yi magana da kyanwar gidan, da ƙarfi yadda za a ji a waje. Ta ce mata duk wanda ya yi wa takardar gwamnati shirme ya zo ya gyara, ga sabon shafi nan a kan tebur. Ita ba za a ce an dawo da fayil ɗin gidan Darmaji da jan biro ba, tana da kasuwar da take shiga kullum, kuma ta san bakin masu sayar da alayyafo.

Ya wanke hannu ya shiga ya cika. A akwatin ya rubuta, "Taga mai buɗuwa, da marufi da sakata biyu." Sai da kafinta ya gama ranar Asabar ya je ya taɓa sakatun da hannunsa, sannan ya sa hannu.

Matsala ɗaya ta rage. Hatimi sai Litinin, Mbah kuwa ta iso Lahadi, da ƙunshin kayanta da tukunya ɗaya da ta ƙi bari a ƙauye. Darmaji ya fara cewa, a hankali, ai ba a kwana a sabon ɗaki kafin… Sumirah ta ce haka ne, doka doka ce. Ta shimfiɗa wa uwarta a gadonsu, shi kuma ta miƙa masa tabarma da matashi ta nuna masa falo. Litinin da hantsi takarda ta fito, amma shi sai da ya yi kwana tara a falon. Abinci dai bai ragu ba, magana ce ta yi tsada.

Da aka kai Mbah Painem ɗakinta, ta tsaya a tsakiya da sandarta ta dubi kusurwa huɗu. Ta dubi gadon da aka kai can nesa da taga, da barguna uku a kai. Ta taka ta zare sakatar sama da kan sanda, ta zare ta ƙasa da ƙafa, ta tura marufi. Iskar fadama ta shigo ta ɗaga labule. Sumirah ta kama wuyan rigarta.

"Surukina," in ji tsohuwar, "aka ce duk garin nan kai ne mai tagogi. Wannan ce ka iya yi wa uwar matarka?"

Darmaji ya ce iyakar abin da doka ta ce ke nan, Mbah.

"Ita dokar a nan za ta kwana?"

Ashe tsohuwar taba take taunawa, kuma mai tauna taba yana bukatar wurin tofarwa. Ta sa aka jawo mata kujera bakin tagar. Kafin mako ya zagayo matan fadama sun gane akwai mai hira a wurin, in za su wuce sai su tsaya, ta tambaye su 'yar wa ta haihu, gonar wa ɓera ya ci. Gindin bangon daga waje ya yi ja, ciyawar wurin ta mutu.

Darmaji ya ajiye aiki ƙarshen shekarar, kamar yadda ya ce. Yanzu yana kiwon kifi a wani ɗan kwatami, sana'ar da ba a cika mata takarda.

Sumirah kuwa ta sayo zaren ulu a kasuwa, ta saƙa wa uwarta hula mai rufe kunne da abin naɗa wuya, ja da ruwan ɗorawa. Tsohuwar ta juya su a hannu, ta ce a wannan zafin? Sannan ta dubi fuskar 'yarta, ta saka. Shekara huɗu ta yi a bakin tagar nan da hular ulu a ka, tana gumi tana hira. Manoma daga nesa sukan hango ta, su ɗaga mata lauje.